Gawar Tauraro Mai Bugun Rediyo

A ranar 28 ga Nuwamban 1967, wata ɗalibar digirin digirgir a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Jocelyn Bell, ta ga alƙalamin na'urarta yana zana wani baƙon abu a kan takarda: bugu, sai shiru, sai wani bugun, duk bayan sakan 1.3, ba ƙari ba ragi. Na'urar fili ce ta fiye da eka huɗu cike da turaku da wayoyi, tana sauraron sama a kan megahaz 81.5, wato ƙasa kaɗan da inda tashoshin FM ke watsa shirye-shiryensu. Da farko an yi zaton wata na'urar mutane ce ke kutse. Amma kullum bugun yakan riga lokacinsa na jiya da kusan minti huɗu, kuma wannan ɗabi'ar taurari ce. Haka aka gano tauraron da ake kira fulsa. A 1974 aka ba malaminta Antony Hewish kyautar Nobel tare da Martin Ryle, ita kuwa ba a ambace ta ba, kuma a ganina an tauye mata haƙƙi.

Kafin a yi nisa aka san abin da ke bugun. Idan babban tauraro, wanda ya ninka rana nauyi sau takwas ko fiye, ya cinye makamashinsa, sai ya tarwatse, cikinsa kuma ya rufta ya dunƙule. Abin da ke saura curi ne mai faɗin kusan kilomita 20, amma ya fi rana nauyi da kusan rabi. Ɗan gutsurensa mai santimita ɗaya ta kowane gefe zai kai nauyin tan miliyan ɗaruruwa. Walter Baade da Fritz Zwicky sun yi hasashen irinsa tun 1934, kuma a 1968 Thomas Gold ya bayyana cewa irin wannan gawar tauraro ce ke juyi tana feso rediyo. Daga baya aka fahimci cewa feshin yana fitowa ne daga kusa da kawunan maganaɗisunta biyu. Da yake kawunan sun karkace daga sandar juyin, feshin yana zagaya sama, duk lokacin da ya ratsa ta kanmu sai mu ji bugu ɗaya. Wanda ke tsakiyar hazon da ake kira Ƙaguwa yana juyi sau 30 a sakan. Fashewar da ta haife shi kuwa masana taurari na ƙasar Sin sun gan ta a shekarar 1054, suka rubuta.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda rediyon kansa ke samuwa. Yau shekara fiye da hamsin, an gano fulsa fiye da 3,000, ana auna bugunsu da daidaiton da ke gogayya da agogon atom, amma masana ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba.

Matsalar ita ce ƙarfin ya yi yawa. Duk abu mai zafi yana fitar da haske da ɗan rediyo, kuma daga ƙarfin abin da ya fito da girman wurin da ya fito ana iya lissafa zafin da ake buƙata. Tsakiyar rana digiri miliyan 15 ce. Idan aka yi wa fulsa wannan lissafi, sai a sami lamba 1 da sifiri 25 ko fiye a bayanta. Babu wani abu a halitta da ke da wannan zafin. A 2003 Timothy Hankins da abokan aikinsa, da babban faifan sauraron sama na Arecibo, sun kama wasu tartsatsin rediyo daga fulsar Ƙaguwa waɗanda tsawonsu bai wuce kashi biyu cikin biliyan na sakan ba. A wannan ɗan lokaci haske ma santimita 60 kawai yake iya tafiya, don haka wurin da tartsatsin ya fito bai kai mita ɗaya ba. Wuri ƙasa da mita ɗaya, kuma muna jin sa daga nisan da haske ke shekara 6,500 kafin ya ratsa!

Tunda ba zafi ba ne, saura hanya ɗaya: ƙwayoyin lantarki ne masu ɗimbin yawa ke motsi tare, a lokaci ɗaya, da taki ɗaya. Hayaniyar kasuwa ba ta nisa ko da mutum dubu ne a ciki, domin kowa da zancensa, amma idan jama'ar masallacin Juma'a suka ce amin da murya ɗaya, har bayan unguwa ana ji. A lissafi, ƙwayoyi dubu da ke motsi barkatai ƙarfinsu ninki dubu ne, idan kuwa suka daidaita sai ya zama ninki miliyan.

To daga ina ƙwayoyin suke, tunda sararin sama kusan wayam yake? Peter Goldreich da William Julian ne suka amsa a 1969. Maganaɗisun fulsa ya ninka na duniyarmu kusan sau tiriliyan, kuma maganaɗisu mai juyi yana haifar da lantarki, wanda a nan ƙarfinsa ya isa ya fizge ƙwayoyi daga jikin tauraron duk da nauyin da ke riƙe da su. Sai kewayensa ya cika da filasma, wato iskar da ƙwayoyinta suka rabu zuwa masu caji. Peter Sturrock a 1971, sannan Malvin Ruderman da Peter Sutherland a 1975, suka ƙara wani mataki mai ban mamaki. A saman kan maganaɗisun, lantarki yana ingiza ilektaron har gudunta ya kusa na haske. Hanyar da take bi a lanƙwashe take, kuma duk ƙwayar da ke gudu a kan lanƙwasa sai ta zubar da haske, a nan hasken gama mai tsananin ƙarfi. Shi kuma wannan haske, a cikin maganaɗisu irin wannan, yakan rikiɗa ya zama ƙwayoyi biyu, ilektaron da kishiyarta fositiron. Waɗannan su ma su haifi wasu, har wurin ya cika, lantarkin ya mutu, ƙwayoyin su fice, a sake sabon lale.

Akwai shaida mai kyau cewa wannan filasma da rediyon tafiyarsu ɗaya. A 2006 Michael Kramer da abokansa a cibiyar nazarin sama ta Jodrell Bank a Ingila sun ba da rahoton wata fulsa, B1931+24, wadda ke bugu na kwana biyar zuwa goma, sannan ta yi tsit na kusan wata guda. Lokacin da take bugu, raguwar saurin juyinta takan ƙaru da kusan rabi, alamar cewa kwararar ƙwayoyin ce ke ja mata birki, kuma idan kwararar ta tsaya rediyon ma ya tsaya.

Saɓanin yana kan abin da ke daidaita takin. Wasu sun ce ƙwayoyin kan dunƙule curi-curi su bi lanƙwasar tare, sai dai masu caji iri ɗaya korar juna suke, kuma da wuya curin ya daɗe. Wasu sun ce igiyoyi ne ke tasowa a cikin filasmar suna ƙara girma, sannan su rikiɗa su fita a matsayin rediyo. A 2020 Alexander Philippov da Andrey Timokhin da Anatoly Spitkovsky sun nuna da lissafin kwamfuta cewa wancan kunnawa da mutuwar lantarki a kan maganaɗisun shi kansa yana iya haifar da igiyoyin da ke tserewa. Wannan ra'ayi ya fi kwanta mini, domin ba ya buƙatar a ƙirƙiro wani sabon sinadari, amma har yanzu bai bayyana duk siffofin bugun da ake gani ba. Abin da ke ƙara wahalar shi ne rediyon ɗan mitsitsi ne cikin ƙarfin da tauraron ke zubarwa, sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin miliyan ba.

Wannan aiki ya iso nahiyarmu. MeerKAT mai faifai 64 da aka buɗe a yankin Karoo na Afirka ta Kudu a 2018 yana cikin na'urorin da suka fi kowa iya sauraron fulsa. A Kuntunse kusa da Akara, an mai da tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 ya zama na'urar nazarin sama a 2017, kuma sauraron fulsa yana cikin gwaje-gwajensa na farko. Ɗaliban kimiyyar lissafi da fiziks a jami'o'in Kano, Zariya, Sakkwato da Yamai, ku nemi gurbin karatu a waɗannan wurare, domin tambayar tana nan a buɗe.