Lauyan da Ke Sa a Tsare Jirgin Ruwa

Yau za mu leƙa aikin lauyan da ba a cika jin ɗuriyarsa ba, wato lauyan shari'o'in kasuwanci da na jiragen ruwa.

Ranar 23 ga Maris, 2021, wani katafaren jirgin dakon kaya mai suna Ever Given ya gitta a mashigin ruwa na Suez da ke Masar, ya toshe hanya ruf. Tsawonsa mita 400 ne, ga kwantena kimanin dubu 18 a kansa. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko suna jira. Bayan kwana shida aka janye shi, 'yan jarida suka tattara kyamarorinsu suka yi gaba. Lauyoyi kuwa a lokacin suka ɗaura ɗamara.

To, wa za a maka a kotu? Jirgin na kamfanin Shoei Kisen Kaisha ne na Japan, kamfanin Evergreen na Taiwan ne ya yi hayarsa, a Panama aka yi masa rajista, ma'aikatansa 25 kuma Indiyawa ne. Bin kowa har ƙasarsa aiki ne ja. Shi ya sa dokar teku ta ba mai ƙara wata dama: ya yi ƙarar jirgin shi kansa, ya roƙi kotu ta tsare shi inda yake har sai an ajiye jingina ko an biya. Abin da Hukumar Mashigin Suez ta yi ke nan. A watan Afrilu wata kotu a Isma'iliyya ta ba da umarnin tsare Ever Given, hukumar tana neman diyyar dala miliyan 916.

Lauyoyin mai jirgin da na kamfanin inshorarsa, UK P&I Club, suka bi lissafin filla-filla. A ciki akwai dala miliyan 300 ladan ceto, da wata miliyan 300 wai ta ɓata wa mashigin suna. Suka ce da sake. A gaban alƙali suka kafe cewa hukumar ce ta bar jirgin ya shiga alhali iska na kaɗawa da ƙarfi. Aka yi ta ja-in-ja, hukumar ta sauko zuwa miliyan 550, daga ƙarshe aka sasanta a kan adadin da ɓangarorin suka bar wa cikinsu. Sai ranar 7 ga Yuli jirgin ya samu tafiya.

Rigima ba ta ƙare a Masar ba. Kamfanin SMIT na Holan, wanda ya taimaka wajen ceton, ya shigar da tasa ƙarar a Landan. Abin mamaki, shari'ar ta rataya ne a kan 'yan saƙonnin imel da aka yi musaya lokacin da jirgin ke maƙale: shin sun kai matsayin kwangila ko kuwa? A 2023 kotu ta ce ba su kai ba, don haka SMIT na da damar neman ladan ceto. Mafi yawan aikin wannan lauya haka yake, bin takarda layi-layi, a gano wa ya ce me, kuma da ƙarfe nawa.

Akwai kuma abin da ya shafi masu kaya kai tsaye. Mai jirgin ya yi amfani da tsohuwar ƙa'idar raba asara, wadda ta ce kuɗin da aka kashe don tsirar da jirgi da kayan cikinsa, kowa sai ya biya kasonsa gwargwadon darajar kayansa. Wanda kayansa ke da inshora, kamfanin inshorar ne zai tsaya masa. Wanda ba shi da ita, sai ya ajiye tsabar kuɗi kafin a sakar masa kwantenarsa, ko da ƙwarzane ba ta samu ba.

Wannan ƙa'ida tana hawa kan ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke jiran kaya daga Sin ta tashar Apapa. A Najeriya, Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, bisa dokar 1991. Don haka Alhaji, kafin kayanka su hau teku, a yi musu inshora, a kuma ba lauya takardar lodin jirgi ya karanta maka ita, har da ƙananan rubutun da ke bayanta.