Ƙuri'ar Mai Goyo a Birnin Kudu da Gwaram

Sanin kowa ne cewa matan Arewacin Nijeriya ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai a shekarar 1976, bayan gwagwarmayar da Malam Aminu Kano da Hajiya Gambo Sawaba suka daɗe suna yi tun zamanin NEPU. Babban zaɓe na farko da suka shiga shi ne na 1979. A lokacin nan Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Jihar Kano, domin ba a ƙirƙiro Jihar Jigawa ba sai a 1991.

Zaɓen 1979 kuwa da damina aka yi shi, kashi biyar, daga 7 ga Yuli zuwa 11 ga Agusta. Wato sau biyar ke nan ake bukatar mace ta bar tuwo bisa murhu, ta saɓa goyo, ta tafi rumfar zaɓe. Wadda ke cikin jego, tana wankan ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in, ba ta ma shiga lissafi ba. A wannan zaɓe ne Sule Lamido, ɗan Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, ya tafi Majalisar Wakilai a tutar PRP.

To, ta yaya ra'ayin siyasa yake shiga gidan da matarsa ba ta zuwa taron lacca? Da yawa sukan ce miji ne yake yanke mata. Wannan magana ba ta cika ba. Ra'ayi yakan shigo ta rediyo, da bakin 'yan talla, da dillaliya, sannan a tattauna shi a gidan suna da na biki, inda ba namiji. A can ba a cika auna ɗan takara da tsarin jam'iyyarsa ba. Abin tambaya shi ne, wa ya haƙa rijiya, wa ya sa magani a asibiti, kuma ranar da naƙuda ta yi gardama da tsakar dare a wani ƙauyen Gwaram, da me aka kai mai ciki asibitin Birnin Kudu? Gwamnatin Sule Lamido, daga 2007 zuwa 2015, ta taɓa wannan wuri da shirin Haihuwa Lafiya, wanda ya ba ƙauyuka motocin ɗaukar masu naƙuda.

Gaskiya ne 'yan siyasa sun san lagon uwa, shi ya sa sabulu da atamfa da taliya suke yawaita idan zaɓe ya gabato. Amma wanda ya zargi mai 'ya'ya shida don ta karɓa, bai san tsadar cefane ba. Karɓa daban, dangwala yatsa daban.

Nauyi mafi girma shi ne na ɗa saurayi. Shi ake ɗauka a mota zuwa yawon kamfe, wani lokaci da gora a hannu. Idan aka yi arangama, uwa ce take jinya, ita ce kuma take kai abinci ofishin 'yan sanda. Sau da yawa ma jam'iyyar da yaron yake yi wa kirari ba ita ce ta gidan kakanninsa na wajen uwa ba, sai ta zama tana tsakiya, tana lallashin kowane ɓangare.

A zaɓuɓɓukan baya-bayan nan, kamar na 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris na 2023, ƙa'idar hukumar zaɓe ita ce a fara sallamar masu ciki da masu shayarwa. Sai dai a rumfar da rabin layin mata masu goyo ne, wuya a ce ga wadda za a fara da ita.