Kulɓa: Rabe-rabenta da Yaɗuwarta

Tun kafin zuwan ilmin zamani Bahaushe ya rarrabe dangin ƙadangare, ya ba kowanne sunansa: ga damo da guza, ga tsaka da hawainiya, sa'an nan ga kulɓa, mai santsin jiki da gajerun ƙafafu. Duk wanda ya zauna a unguwa irin ta Gidan Dare cikin birnin Sakkwato ya san ta, domin takan laɓe a gindin randa ko ƙarƙashin tarin tubali, ta fito shan hantsi.

Masana ilmin halittu sun sanya kulɓa cikin babban gidan da suke kira Scincidae, mai iri fiye da 1,500. Biyu daga ciki sun yawaita a Afirka ta Yamma. Ta farko ita ce mai zane biyar a jiki, wadda 'ya'yanta ke da shuɗiyar wutsiya, watau Trachylepis quinquetaeniata, da Lichtenstein ya bayyana a 1823. Ta biyu kuwa mai jan haƙarƙari ce, Trachylepis perrotetii, da aka bayyana a 1839.

Shekaru da dama ana haɗa waɗannan da takwarorinsu na wasu nahiyoyi ƙarƙashin suna guda, Mabuya. A 2002 binciken ƙwayoyin gado ya sa aka raba su kashi huɗu: na nahiyar Amurka, na Asiya, na Afirka, da na tsibiran Cape Verde. A 2003 sunan Trachylepis ya tabbata ga na Afirka.

Wannan rabo ya fito da wani abin al'ajabi. A tsibirin Fernando de Noronha, kimanin kilomita 350 daga gaɓar Birazil, akwai wata kulɓa, Trachylepis atlantica, wadda ba a samunta ko'ina sai can. Ko da yake maƙwabciyar Amurka ta Kudu ce, asalinta na Afirka ne. Masana suna ganin kakanninta sun ƙetare Tekun Atlantika bisa itatuwan da igiyar ruwa ta kwasa. Ashe ke nan zuriya ake bi wajen rabe-rabe, ba maƙwabtaka ba.

Abin takaici shi ne, a gida ana yawan kashe kulɓa bisa zaton tana da dafi saboda kamarta da maciji. Alhali ba ta da dafi ko kaɗan. Ƙwari ne abincinta. Wanda ya kashe ta, mai gadin gidansa ya kashe.