Yadda hunturu ke sauya rayuwar sufayen Katolika

Sufayen Katolika maza ne da suka bar aure da dukiya suka keɓe don ibada. A Najeriya suna da gida a Ewu, jihar Edo, wanda sufayen Glenstal na ƙasar Ailan suka kafa a 1979.

Sufayen Ewu suna bin ƙa'idar Benedict, malamin Italiya na ƙarni na 6, wadda ta ware wa sanyi tsarinsa. Daga farkon Nuwamba zuwa Ista ta ce a tashi addu'a wajen ƙarfe biyu na dare. Kamar manomi bayan kaka, aikin gona kan ragu, sai karatu ya ƙaru. Abinci kuwa ta ce sau ɗaya ne, wajen ƙarfe uku na rana, har zuwa farkon azumin da ake yi kafin Ista.