Kaluluwa Ba Abokiyar Gaba Ba Ce

'Yan'uwa manoman Birnin Kudu da Gwaram, in fartanya ta sare mu a ƙafa, kaluluwa takan fito a matsematsi. Allah ya shimfiɗa ƙananan hanyoyin ruwa cikin jikinmu, su ke kai ƙwayoyin cuta ga kaluluwa, inda fararen ƙwayoyin jini ke kashe su. Kumburin alamar yaƙin ne. Kada wanzami ya tsaga ta, raunin za mu wanke da sabulu.

Amma tsutsar da sauro ke sa mana takan toshe hanyoyin nan, ta kawo tundurmi da gwaiwa. Mu kwana cikin gidan sauro, mu sha Mectizan da albendazole in an raba. Kaluluwar da ta ƙi sacewa kuwa, sai asibiti. Ubangiji ya kiyaye mu.