Fitilun Tituna da Taurarin Kakanninmu: Kira ga Dutsin-Ma da Kurfi

Kwanakin baya ina koyar da darasin ma'anar kalmomi a Dutsin-Ma, sai na tambayi ɗalibaina mene ne Gamzaki. Wasu suka ce kirarin jarumi ne, ƙalilan ne suka san tauraro ne mai fitowa da asuba. Da na ambaci Kaza da 'Ya'yanta kuwa, sai aji ya kwashe da dariya, suna zaton raha nake yi. Ban ga laifinsu ba, domin mu masu nazarin harshe mun san cewa kalma ba ta daɗewa a baki bayan abin da take nufi ya ɓace wa ido.

Ina yaro a Kurfi, kakana yakan zaunar da mu a tsakar gida ya nuna mana taurari da sandarsa. A wurinsa na fara jin lissafin nan na malamai na taurari 28, kowanne da kwana 13 in ban da Jabaha mai kwana 14, wanda ke cika shekara ta kwana 365. Da sunaye irin su Haƙa'a da Hana'a da Zira'a manomi ke lissafin damina. A bana da na kwana a gidan, sai na tarar wata farar fitila da aka kafa a bakin titi ta haske sararin sama har Kaza da 'Ya'yanta ba ta ganuwa sai da ƙyar.

Na san mai karatu zai ce: Malam, mutanen da suka sha duhu shekara da shekaru, ga kuma 'yan bindiga, su za ka ce wa a rage haske? Tambaya ce mai nauyi. Ban manta ba cewa a shekarar 2021 Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina da aka katse wa layukan waya saboda matsalar tsaro. Don haka babu wanda ke neman a kashe fitila ko ɗaya. Abin da ake buƙata shi ne haske ya sauka inda ake da amfaninsa. Hasken da ya tashi sama ba ya tsaron kowa, asarar wuta ce kawai. Fitilar da ke dallare ido kuma takan kashe wa ɗan sintiri gani, ta bar inuwa mai duhu a gefe inda mugu zai laɓe.

Wasu ƙasashen sun daɗe da gane haka. A 1958 garin Flagstaff na Jihar Arizona a Amurka ya kafa dokar hana manyan fitilun talla masu haska sama, domin kare aikin masu nazarin taurari na cibiyar Lowell, inda aka gano duniyar Pluto a 1930. A 2001 aka ayyana shi gari na farko a duniya mai kare duhun sararinsa. Jihar New Mexico ta yi tata dokar a 1999, wadda ta wajabta sanya wa manyan fitilun waje murfi. A Faransa tun 2013 aka umarci kantuna su kashe fitilun tagoginsu a tsakar dare. A nan Afirka ma, gandun NamibRand na Namibiya ya samu shaidar kare duhun sama a 2012. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya suna zaune ne a ƙarƙashin sararin da hasken lantarki ya gurɓata.

Abin farin ciki, ba sai mun jira Abuja ba. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya sanya fitilun tituna da kula da allunan talla cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Kansilolin Dutsin-Ma da na Kurfi suna da ikon yin ƙaramar doka mai sharuɗɗa uku: kowace fitilar waje ta kasance da murfi mai mayar da haske ƙasa, a fifita haske mai ruwan ɗorawa a unguwannin zama a kan fari fat mai hana barci, allunan talla kuma a kashe su idan dare ya raba. A rubuta waɗannan a cikin takardar kwangila, domin yanzu ne ake ta kafa fitilu masu aiki da hasken rana, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sanya murfi tun farko ya fi sauƙi a kan sauya ɗaruruwan fitilu daga baya.

Ina kuma kira ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita su fara da harabobinsu, su kuma tura ɗalibai su tattara sunayen taurari daga bakin dattawa tun suna raye. Ni dai na yi wa ɗalibaina alkawarin nuna musu Kaza da 'Ya'yanta kafin zango ya ƙare. Allah Ya ba mu zaman lafiyar da za mu fita mu kalle ta.