Ciyawar Ado da Ruwan Sha: Bayani a Kan Dokar Shuke-shuken Birni ta Jihar Nebada

Gabatarwa

Hausawa na cewa ruwa abokin aiki. To amma akwai biranen da ayyukan da ke jiran ruwa suka fi ƙarfin ruwan da ake da shi, har ta kai sai majalisa ta zauna ta yanke aikin da za a ba ruwa da wanda za a hana. Irin wannan hali ne ya sa wasu jihohin yammacin Amurka suka riƙa gabatar da ƙudurorin doka a kan wuraren shaƙatawa da ƙawata birni da shuke-shuke da kuma tanadin ruwa. Wannan maƙala za ta ɗauki ɗaya daga cikinsu, wato ƙuduri mai lamba AB 356 wanda majalisar dokokin jihar Nebada ta amince da shi a shekarar 2021, ta yi bayanin dalilin kawo shi da abin da ya ƙunsa da kuma ƙorafin da ya biyo bayansa. Mu ɗaliban harshe muna da ƙarin abin lura a ciki, domin dokar ɗungurungum ta rataya ne a kan ma'anar da aka ba wasu 'yan kalmomi.

Asalin Matsalar

Birnin Las Begas, wanda shi ne mafi girma a Nebada, a cikin hamada yake. Ruwan saman da yake samu a shekara bai wuce kimanin milimita 100 ba, ke nan ruwan da kan sauka a Legas a watan Yuni kaɗai ya ninka wannan. Saboda haka kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan birnin daga Kogin Kolorado yake fitowa, ta hanyar Tafkin Mead, wanda ya samu bayan gina madatsar ruwa ta Hoover a shekarun 1930.

Kogin kuwa ba na Nebada ba ne ita kaɗai. Jihohi bakwai da ƙasar Meziko ne suke sha daga cikinsa, mutum kimanin miliyan 40. An yi yarjejeniyar raba shi a 1922, aka kuma fayyace kason jihohin ƙasan kogin a wata dokar tarayya ta 1928. Mudun da ake awo da shi shi ne ruwan da zai rufe fili eka ɗaya da zurfin ƙafa ɗaya, wato lita miliyan 1.2 da 'yan kai. Kalifoniya ta samu mudu miliyan 4.4 a shekara, Arizona miliyan 2.8, Nebada kuwa mudu 300,000 kacal. A wancan zamani wannan kaso ya ishe ta har da saura, don kuwa ƙidayar 1920 ta nuna mutanen jihar gaba ɗaya ba su kai 80,000 ba. A ƙidayar 2020, gundumar Clark kaɗai, inda Las Begas take, tana da mutum fiye da miliyan 2.2, alhali kason yana nan yadda aka yanka shi.

Bugu da ƙari, an yi rabon ne bisa lissafin shekarun da kogin ya yi cika sosai, sai ga shi daga shekarar 2000 fari mai tsawo ya sauka a yankin. A watan Agusta na 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin karo na farko a tarihi, aka rage wa Nebada mudu 21,000 daga kasonta na 2022. A watan Yuli na 2022 ruwan Tafkin Mead ya sauka zuwa kimanin kashi 27 cikin 100 na cikarsa, matakin da ba a ga irinsa ba tun lokacin da ake cika tafkin a 1937.

Ina Ruwan Yake Tafiya?

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa wannan matsala da ciyawa? Me ya sa ba a fara da manyan otal-otal ba, ko wanka da wanki na cikin gidaje? Amsar tana cikin yadda aka tsara ruwan birnin. Kusan duk ruwan da aka yi amfani da shi a cikin gini yakan bi bututu zuwa wurin tacewa, a tsabtace shi, a mayar da shi Tafkin Mead. Duk litar da aka mayar, ana ba jihar izinin sake ɗibar kamarta. Ke nan ruwan wanka da na wanke-wanke tamkar rance ne, ana karɓa ana biya. Amma ruwan da aka fesa wa ciyawa ya tafi ke nan, wani ya zama tururi, wani ƙasa ta shanye. Hukumar Ruwa ta Kudancin Nebada, wadda aka kafa a 1991, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na ruwan yankin a waje yake ƙarewa, mafi yawansa wajen ban ruwan shuke-shuke.

A lissafin hukumar, murabba'in mita ɗaya na ciyawa yana shan kimanin lita 3,000 a shekara, wato jarka 120 mai cin lita 25. Idan aka dasa tsirran hamada a wannan fili aka riƙa ba su ruwa ta siririn bututu mai ɗiga a gindinsu, abin da za su sha bai wuce kimanin lita 730 ba. Ashe kuwa duk mai neman tanadin ruwa a irin wannan birni, dole idonsa ya faɗa kan ciyawa.

Ba a fara da tilas ba, da lallashi aka fara. Tun 1999 hukumar take biyan kuɗi ga duk wanda ya cire ciyawarsa ya dasa tsirrai marasa shan ruwa, kuma a 2021 ladan ya kai dala 3 a kan kowace ƙafa murabba'i. A 2003 aka hana shuka ciyawa a ƙofar sababbin gidaje. Da aka ga masu cirewa don raɗin kansu sun ragu, ga tafki yana ta ja da baya, sai aka nufi majalisa.

Abin da Ƙudurin Ya Ƙunsa

Majalisar dokokin Nebada zaure biyu gare ta, na wakilai mai mutum 42 da na dattawa mai mutum 21, kuma sau ɗaya take zaman doka a cikin shekara biyu. A zaman 2021 zaurukan biyu suka amince da ƙudurin, Gwamna Steve Sisolak ya sa masa hannu a watan Yuni. Ana iya taƙaita shi cikin abubuwa huɗu:

Na farko, ya haramta amfani da ruwan Kogin Kolorado da hukumar take rabawa wajen shayar da ciyawar da ba ta da wani aiki sai ado. An tsayar da ranar 1 ga Janairu, 2027 a matsayin ranar fara aikin haramcin, wato an ba mutane wa'adin shekara biyar da rabi.

Na biyu, bai shafi gidan da iyali ɗaya suke zaune a ciki ba. Waɗanda ya shafa su ne harabar kamfanoni da ofisoshi da kantuna, da gefen titi da shataletale, da filayen haɗaka na rukunin gidaje.

Na uku, ya bar ciyawar da jama'a suke mora, kamar ta filin wasa a makarantu da wuraren shaƙatawa.

Na huɗu, ya ɗora wa hukumar ruwa nauyin fassara waɗannan nau'o'in ciyawa biyu, ya kuma kafa kwamitin da zai ba ta shawara.

Hukumar ta ƙiyasta cewa ciyawar ado a yankin ta kai kusan eka 4,000, kuma cire ta zai tanadi kimanin lita biliyan 36 a shekara, wato kusan kashi 10 cikin 100 na kason jihar. Wannan ya fi abin da aka rage wa jihar a 2022 yawa.

Wace ce Ciyawar Ado?

A nan ne aikin harshe ya shigo. A ido, ciyawa ciyawa ce, duk kore shar. Amma a gaban doka, wata za ta ci gaba da shan ruwa, wata za a ɗauke mata. Idan aka fassara "ado" da faɗi, sai a cinye wuraren da yara suke wasa. Idan kuma aka ƙuntata ma'anar, kowane mai kamfani zai ce ai ma'aikatansa suna zama a kan tasa, doka ta zama hoto.

Jami'an hukumar suna da wani gwaji mai sauƙi da suke faɗa wa jama'a: idan ba mai taka ciyawar sai mai tura injin yankanta, to ta ado ce. Sai dai kotu ba ta aiki da zaurance, don haka aka rubuta sharuɗɗan da za a iya aunawa. Kafin a ce ciyawa mai amfani ce, sai ta kasance jama'a suna wasa ko hutawa a kanta, ta yi nisan aƙalla ƙafa 10, wato mita 3, daga titi, kada gangaren wurin ya kai kashi 25 cikin 100, kada kuma ta zama a tsakiyar tagwayen titi ko a bakin ƙofar shiga unguwa. Kowane sharaɗi da dalilinsa. Uwa ba za ta bar ɗanta ya buga ƙwallo a bakin titi ba, kuma ruwan da aka fesa a gangare yakan zurare ne ya bi kwalta.

Abin lura shi ne, ko a cikin wurin shaƙatawa guda ana iya samun nau'o'in biyu. Filin ƙwallon yana nan, amma siririyar ciyawar da ta kewaye wurin ajiye motoci za ta tafi. Wato dokar ba ta duba sunan wuri, aikin da kowane yanki yake yi take dubawa.

Ƙorafe-ƙorafe

Ƙorafi na farko na kuɗi ne. Cire ciyawa da sauya bututun ban ruwa da sayen sababbin tsirrai sau da yawa yakan fi ladan da hukuma take biya, ragowar kuwa a kan mazauna rukunin gidaje take faɗawa.

Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne batun itatuwa. Itacen da ya girma a tsakiyar ciyawa ya saba da ruwan feshi, saiwoyinsa sun bazu kusa da saman ƙasa. Idan aka cire ciyawar aka sa masa 'yan maɗiga biyu ko uku a gindi, mafi yawan saiwoyin ba za su ga ruwa ba, sannu a hankali sai ya bushe. Ga shi tsakuwar da ake shimfiɗawa a madadin ciyawa tana riƙe zafi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a birnin da zafi ya kai digiri 49 a ma'aunin Salshiyos ranar 7 ga Yuli, 2024, mafi tsanani da aka taɓa aunawa a can. Mai jiran motar haya da tsakar rana inuwa yake bukata kafin komai. Tsoron da ake yi shi ne kada garin neman gira a rasa ido. Saboda haka hukumar ta sa sharaɗin cewa wanda zai karɓi lada sai tsirran da ya dasa su iya rufe rabin filin idan sun girma, sannan a 2023 ta ƙara tukuicin dala 100 a kan kowane sabon itace.

Yadda Wasu Jihohi Suka Bi

Jihohin maƙwabta sun ɗauki darasin, kowace da salonta. A 2023 Gwamna Gavin Newsom na Kalifoniya ya sa hannu a doka mai lamba AB 1572. Ita ruwan sha ta hana a ba ciyawar ado, ta bar ƙofa ga ruwan da aka tace aka sake amfani da shi. Ta tsara abin daki-daki: filayen gwamnati daga 2027, na kamfanoni da cibiyoyi daga 2028, filayen haɗaka na rukunin gidaje daga 2029. Har ila yau ta halatta ba da ruwan da lafiyar itatuwa take bukata. Jihar Kolorado kuwa, a dokar da Gwamna Jared Polis ya sa wa hannu a 2024, ba ta ce a cire tsohuwar ciyawa ba, sabuwa ta hana shukawa a irin waɗannan wurare daga 2026. Ta haɗa har da ciyawar roba, wadda ba ta shan ruwa amma tana ɗaukar zafi. Ke nan duk mai nazarin irin wannan ƙuduri yana da tambayoyi huɗu: wane ruwa aka hana, a wane fili, daga yaushe, kuma me aka tanadar wa itatuwa?

Kammalawa

A 2002 kudancin Nebada ya shanye kimanin mudu 325,000 na ruwan kogin, fiye da kason jihar. A 2023 abin da ya sha bai kai mudu 200,000 ba, duk da cewa mutane sun ƙaru da fiye da 700,000 a tsakani. Wannan ya nuna birni yana iya girma ruwan da yake sha yana raguwa, matuƙar an san inda ruwan yake salwanta. Dokar 2021 ci gaban wannan tafiya ce, kuma nasararta ta dogara a kan abu biyu: ma'anar da aka ba ciyawar ado ta tsaya daidai, itatuwan da suke ba mutane inuwa kuma su rayu. Ɗalibin harshe da zai zama mai fassara ko ɗan jarida gobe ya kamata ya riƙe cewa a rubutun doka kalma ɗaya tana iya yanke filin da zai sha ruwa da wanda zai bushe. Don haka idan ƙuduri ya zo hannunsa, ya fara karanta sashen ma'anar kalmomi kafin ya wuce gaba.